Mutumin da ke tsaye a gonarka amma babu shi: wa zai koya masa noman Watari?

  Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba. A karanta, a tura wa wanda zai amfana.

Yau maganar fasaha za mu yi, amma ƙafarmu tana cikin gona. Akwai wani abu da jami'o'i da manyan kamfanonin duniya suke ta aiki a kansa. Ka ɗaga wayarka, ka kunna kyamara, ka haska gonarka, sai ka ga wani mutum a fuskar wayar yana tsaye a tsakanin kunyoyi. Ka ɗauke ido daga wayar, babu kowa a wurin. Ka mayar da ido, yana nan tsaye. Ka tambaye shi me ya sa ganyen tumatirinka yake bushewa, sai ya taka zuwa gindin shukar, ya nuna maka da yatsa, ya ba ka amsa.

To abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne wannan: zana mutumin ya yi araha, kuma kullum ƙara araha yake yi. Abin da yake da tsada shi ne koya masa gaskiyar ƙasarmu. Mu kuma mutanenmu fuska suke gani su yarda. Nan ne amfanin yake, nan ne kuma haɗarin yake.

Bari mu warware abin a hankali, don kashi biyu ne aka haɗa.

Kashi na farko shi ne ɗora hoton kwamfuta a kan abin da ido yake gani na zahiri. Ni ɗori nake kiransa, don mu samu sauƙin magana. Duk wanda ya taɓa sa fuskarsa a Snapchat ko TikTok aka ɗora masa tabarau ko rawani, ai ya ga ɗori. Ba sabon abu ba ne. Tun 1968 wani masani a Amurka, Ivan Sutherland, ya haɗa wata na'ura ta sawa a kai, wadda saboda nauyinta sai an rataye ta daga sama. A farkon shekarun 1990 wani injiniyan kamfanin jiragen sama na Boeing, Tom Caudell, ya raɗa wa fasahar sunan da ake kiranta da shi yau, lokacin da suke neman hanyar nuna wa ma'aikata inda za su bi da wayoyin lantarkin jirgi. A watan Yulin 2016 wasan Pokémon Go ya fito, mutane suka bazama tituna suna farautar halittun da babu su sai a waya. Daga nan Apple ya fito da ARKit a 2017, Google ya fito da ARCore a 2018, wato kayan aikin da masu haɗa manhaja suke amfani da su wajen yin ɗori a waya.

Yaya wayar take sanin inda za ta tsayar da hoton? Kyamara tana neman alamomi a ƙasa, kamar bakin dutse, tsagar gini, zanen tabarma. Tana riƙe su, tana lura da yadda suke matsawa idan ka motsa hannu. Akwai kuma ƙananan na'urori a cikin wayar masu jin juyi da girgiza. Idan aka haɗa biyun, sai wayar ta zana taswirar wurin, ta san nan ƙasa ce, can bango ne. Shi ya sa hoton yake zama wuri ɗaya ko da ka zagaya shi.

Kashi na biyu shi ne mutumin kansa. Hoto kawai ba ya isa, sai an ba shi abin da ya yi kama da hankali. Masu wannan aiki suna gina shi a kan zagaye guda: ya lura da abin da ke gabansa, ya yanke shawara, ya aikata, ya sake lura. A ƙarshen shekarun 1990, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, an yi wani irinsa mai suna Steve, wanda yake koya wa masu horon sojan ruwa sarrafa injinan jirgi. Yana nuna maɓalli, yana kallon abin da ɗalibi yake yi, yana gyara masa. Shi a cikin duniyar kwamfuta zalla yake zaune. Yanzu abin da ake so shi ne a fito da irinsa cikin duniyarmu, a haɗa masa baki da irin ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022.

Kafin mu shiga gona, bari in nuna muku inda irin waɗannan mutanen kwamfuta suka riga suka yi aiki mai nauyi. Alhazanmu sun san Jamarat. A watan Janairun 2006 sama da mutum 340 suka rasu a turmutsutsu wajen jifa. Bayan nan masana, cikinsu har da Dirk Helbing daga Jamus, suka zauna da bidiyon abin da ya faru suna nazarin yadda cunkoso yake rikiɗewa ya zama kamar ambaliya. Wajen tsara sabuwar gadar mai hawa-hawa, an yi amfani da kwaikwayon cunkoso a kwamfuta. Ana zuba dubban mutanen ƙarya, kowanne da saurinsa da inda ya nufa, a ga inda za su cushe, a gyara zane, a sake gwadawa. Babu wanda ya ji ciwo a gwajin, don babu kowa a ciki.

Kun ga hikimar? Abin da ba za ka iya gwadawa da mutane na gaske ba saboda haɗari, sai ka gwada da na ƙarya.

Mu a Bagwai ba sai an ba mu labarin haɗari ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwalekwale ya taso daga Badau a kan ruwan Watari, ɗauke da mutanen da za su je Mauludi, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya, ya kife. Mutum 29 aka tabbatar sun rasu, kuma rahotanni sun ɗora laifin a kan lodi fiye da ƙima. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Babu manhajar da za ta maye gurbin rigar ruwa da dokar hana lodi, wannan a bayyane yake. Amma horar da matuƙa da masu ceto, a nuna musu a kan jirginsu na gaske yadda yake karkata idan fasinjoji suka ruga gefe guda, irin aikin da wannan fasaha za ta iya yi ke nan da kyau.

To yanzu mu koma gona, don nan ne nake ganin abin zai fara riskar mu.

Ƙaramar hukumar Bagwai tana da mazaɓu goma, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da dubu 160. Yau an fi haka nesa ba kusa ba. Gona a jikin gona, gida a jikin gida, daga Gadanya zuwa Kiyawa, daga Romo zuwa Rimin Dako. Ga madatsar ruwan Watari da ta sa noman rani ya zama sana'ar dubban mutane: tumatir, albasa, shinkafa, masara, alkama. Ku tambayi kanku, a cikin manoman da kuka sani, nawa ne malamin gona ya taɓa takawa har gonarsu a shekarar nan? Ma'aikatan KNARDA suna iya ƙoƙarinsu, amma mutum ɗaya ba ya rabuwa gida dubu. Wannan giɓin ne masu manhaja suka hango.

Kuma sun fara shigowa ta ƙofar da ta fi sauƙi. Akwai Plantix, wadda wani kamfanin Jamus ya yi: ka ɗauki hoton ganye, ta faɗa maka cutar da take zato. Akwai Nuru, wadda masu shirin PlantVillage na Jami'ar Jihar Pensilbeniya suka yi tare da cibiyar IITA da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita kana haska ganyen rogo ko masara, tana zana akwati a kan wurin da ta ga alamar cuta ko ɓarnar tsutsa, kuma tana aiki ko babu intanet. Wannan akwatin da take zanawa a kan ganyenka, ɗori ne. Mataki na gaba shi ne a sa masa fuska, a sa masa murya, a sa masa hula.

Nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani.

A 2019 masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Jeremy Bailenson, sun yi wani gwaji. Sun sa wa mutane tabarau na ɗori, suka nuna musu mutumin kwamfuta yana zaune a kujera, sannan aka ce su zauna. Duk waɗanda suke sanye da tabaran suka kauce wa kujerarsa suka zauna a ɗayar. Abin mamakin, mafi yawan waɗanda aka cire wa tabaran kafin su zauna, su ma suka kauce. Sun san sarai babu kowa a kujerar, amma jikinsu ya ƙi. Tun 1966 ma Joseph Weizenbaum ya ga irin wannan da wata 'yar manhajar hira mai suna ELIZA, wadda juya wa mutum maganarsa kawai take yi, amma mutane suka riƙa faɗa mata sirrinsu.

To idan haka ta faru da mutanen da suka san abin da ake gwadawa a kansu, yaya kuke gani da Baba wanda bai taɓa jin labarin abin ba? Ga dattijo da farar riga da furfura, yana tsaye a gonarsa, yana yi masa Hausa, har da "sannu da aiki". Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Duk abin da ya faɗa, an gama. Mun riga mun ga yadda ake haɗa bidiyon ƙarya na sanannun mutane suna tallan magani ko harkar zuba kuɗi, ana yawo da shi a WhatsApp, mutane suna faɗawa. Wancan kallo kawai ake yi. Wannan kuwa amsa maka zai riƙa yi.

Mu ɗauki misali guda. A 2016 ƙwaron da manomanmu suke kira Sharon ya cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda babu abin sarrafawa. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifaniya a 2006, ya gangaro Afirka. Wahalarsa ita ce tsutsar tana shiga cikin naman ganye da cikin ɗan tumatirin, feshi ba ya riskar ta da sauƙi, kuma idan aka nace da magani iri ɗaya sai ta saba da shi. Shi ya sa masana suke cewa a riƙa sa tarko don a gano shigowarsa da wuri, a riƙa sauya nau'in magani, a kwashe ragowar shukar da ta kamu a ƙone. Yanzu a ce mutumin wayar nan bai san wannan ba, ko kuma wanda ya biya kuɗin haɗa shi mai sayar da magani ne. Kullum amsarsa ɗaya: ƙara feshi. Manomi ya ci bashi ya saya, ƙwaro ya ƙara ƙarfi, tumatir ya tafi, bashi ya zauna.

Kada ku ce ai wannan ƙaramin abu ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, irin sinadarin da muke kira fiya-fiya. Muguwar shawarar da ta bazu baki da baki ita ta jawo mana haka. Ku auna idan ta bazu ta waya dubu ɗari a rana ɗaya, da murya mai daɗi.

Akwai kuma matsalar ido. Na ce muku wayar alamomi take nema don ta gane ƙasa. To fadamar shinkafa ruwa ne mai ƙyalli, ganye kuma duk kore ne iri ɗaya, iska tana kaɗa shi. Abubuwan nan su ne ainihin waɗanda suke rikita ɗori: wuri mai sheƙi, wuri marar zane, abu mai motsi. Ga ranar bazara da take hana ka ganin fuskar waya, ga hazon hunturu. Manhajar da ta yi kyau a ofis mai tayil za ta iya zuwa Watari mutumin ya riƙa shawagi a sama ko ya nutse cikin kunya, yana nuna wannan gindi alhali wancan yake nufi.

Sai wayar kanta. Tabarau irin Apple Vision Pro da ya fito a 2024 dala 3,499 ne, mu bar shi can. Mu Tecno da Itel da Infinix muke riƙewa, kuma ƙananan cikinsu da yawa ba sa cikin jerin wayoyin da ARCore yake aiki a kansu. Wanda yake aiki ma, kyamara a kunne tana shan batir tana zafafa waya, mutum kuma wajen mai caji yake kaiwa ya biya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Duk abin da sai da intanet mai ƙarfi zai yi magana, ba na ƙaramin manomi ba ne.

Amma babbar matsalar ita ce harshe da sanin ƙasa. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma an ci gaba sosai daga lokacin. Sai dai Hausar labarai daban, Hausar gona daban. Ka ce masa ƙuduji ya dame ka a gonar dawa, wani ya ce wuta-wuta, zai gane abu ɗaya ake nufi? Ya san bambancin jigawa da fadama? Idan ya ce a zuba kaza a kowace hekta, shi kuma manomi da murfin kwalba yake awo ya zuba a famfon feshi na goyo, wa zai yi masa lissafin? Takin da ake aunawa da kwano da tiya fa? Ya san cewa wanda gonarsa take ƙarshen magudana ba ya samun ruwa a ranar da na kusa da bakin dam yake samu? Waɗannan abubuwan suna cikin kan iyayenmu, kaɗan ne daga ciki aka rubuta. Abin da ba a rubuta ba kuwa, na'ura ba ta da inda za ta koya. Kuma halinta ne idan ba ta sani ba ta ƙirƙiro amsa, ta faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa.

To mene ne abin yi? Ni ba na cikin masu cewa a gudu. Abin zai zo ko mun so ko mun ƙi, kuma giɓin malaman gona gaskiya ne. Abin da nake kira gare shi shi ne mu shiga tun ana dama kunun, kuma mu shiga da sharuɗɗa.

Na ɗaya, a gwada shi kafin a sake shi. Yadda aka gwada gadar Jamarat da mutanen ƙarya, haka za a fara gwada wannan da gonakin ƙarya da tambayoyin gaske. A tara tambayoyin manoman Watari, a ba shi, sannan masana daga cibiyar IAR ta Samaru, da NAERLS a Zariya, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero su duba amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a kai shi gonar gwaji, damina guda da rani guda, tukunna.

Na biyu, ya faɗi ko shi wane ne. Da an kunna shi ya ce da Hausa: ni na'ura ce, wane ne ya yi ni, wane ne yake biyan kuɗina. Kada a ba shi kamannin wani malami ko basarake ko wani dattijo da aka sani. Aron mutuncin wani don a sayar da kaya yaudara ce.

Na uku, ya iya cewa wannan ya fi ƙarfina. Duk tambayar da ta shafi maganin ƙwari da awonsa, ya haɗa manomi da malamin gona mai rai, mai suna da lambar waya, wanda za a iya zuwa a same shi idan abu ya lalace.

Na huɗu, a san inda hotunan suke zuwa. Kyamarar da take kallon gonarka tana kallon iyakarta, da amfaninta, da yaranka da suke taya ka aiki. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Mu karanta ta, mu riƙa tambaya kafin mu danna "na yarda".

Na biyar namu ne, mu matasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana da waya, kana da kaka ko baba mai noma shekara arba'in. Zauna da shi, da izininsa, ka naɗi muryarsa: sunayen ciyayi, sunayen ƙwari, alamun ruwa, irin dawar da ta dace da wace ƙasa. Ka ɗauki hoton ganye mai cuta, ka rubuta rana da ƙauye da sunan da ake kiran cutar. Akwai shirin Common Voice na Mozilla da yake karɓar muryoyin Hausa kyauta, akwai ƙungiyar Masakhane ta masu aikin harsunan Afirka a kwamfuta. 'Yan uwa mata, ku ma da ku nake: ilimin adana hatsi, busar da kayan miya, kiwon awaki da kaji a cikin gida, a hannun iyayenmu mata yake, kuma ku ne za ku iya shiga ku zauna da su. Ɗalibanmu na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida. Waɗanda suka shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, ga inda za ku gwada abin da kuka koya. Amma mu yi shi a ƙungiyance, mu rubuta yarjejeniya, don kada mu tara ilimin iyayenmu kyauta wani ya kwasa ya dawo yana sayar mana.

Tambayar wannan mako ga masu noma da 'ya'yan masu noma: wace kalma ce ta gona ake faɗa a ƙauyenku wadda kuke da tabbacin babu na'urar da ta san ta? Ku rubuto mana ita da ma'anarta da sunan garinku. Za mu tattara, mu karanto su a shiri na gaba, daga nan mu ga yadda za mu mayar da su kundi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana amfanin gonarmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.